Layukan Gawayi a Bayan Kabad

Taswirar ta fito tsaf, gwanin sha'awa, kuma ƙarya ce. Adawiyya ta san da haka tun kafin hoton ya gama buɗewa a fuskar kwamfutarta, don gadon da take zaune a kai bisa bulo uku-uku yake tsaye, kuma ba don ado aka ɗora shi ba.

Aikin digirinta na biyu ke nan a fannin kwamfuta, shekara uku tana fama da abin da aka yanka wa shekara biyu. Manhaja ce ta rubuta, wadda ke duba hotunan Lome da tauraron ɗan'adam ya ɗauko, ta haɗa da bayanan da aka tattaro gida-gida, sannan ta nuna inda ruwan damina zai ci. Inda zai ci ta shafa ja, inda ba zai ci ba ta shafa kore. Unguwannin bakin tafki sun yi ja, kuma daidai ne. Zongo kuwa, Zongon da mutane ke ɗora takalmansu a ka duk watan Yuni, ya fito kore shar kamar ganyen alayyafo.

Ita dai ba ta ga laifin manhajar ba. Abin da aka koya mata ta maimaita.

Bara waccan ne ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin binciken ta turo samari biyu cikin riguna ruwan lemo, kowanne da 'yar kwamfutarsa ta hannu. Su tsaya a ƙofar gida su tafa hannu su ce “agoo”, mai gida ya fito, su tambaye shi ko ruwa na shiga gidan. Adawiyya na tsakar gida ranar da suka zo nasu. Baffa Mahamadou, ƙanin mahaifinta, shi ya fita, ƙafar wandonsa a naɗe tun kwasar ruwan safe, ya dube su da mamakin da ya isa a ba shi kyauta.

“Ruwa? A nan gidan? Mu da ko na alwala sai mun saya!”

Samarin suka duba bangon waje, suka gan shi fes, don kowa a Zongo yana shafa fenti kafin Babbar Sallah. Suka danna abin dannawa suka wuce gaba. Gida ɗari biyu da sha biyu suka shiga lissafinsu, ɗari biyu suka ce ko digo bai taɓa ƙetare musu dokin ƙofa ba.

Kada a ɗauka mutanen Zongo maƙaryata ne. Ka tambaye su hanya, su raka ka har inda za ka. Ka tambaye su asalin atamfa, in ka matsa su gaya maka. Amma mutum ya zo da takarda yana tambayar gida, to a nan ladabi ya ƙare, sai kare kai.

Ranar Litinin ta kai taswirar jami'a, can bayan unguwar Tokoin. Malamar da ke duba aikinta, Dakta Afiwa, mace ce mai kirki wadda ba ta da lokaci, irin waɗanda ke sauraronka suna sa hannu a takardar wani. Ta leƙa kwamfutar, fuskarta ta washe.

“Manhajar ta ci kashi casa'in da uku bisa ɗari,” ta ce da Faransanci. “Adawiyya, kin gama. Je ki buga.”

“Madam, ƙarya aka koya mata, aka kuma yi mata jarrabawa da ƙaryar. Dole ta ci.”

Dakta Afiwa ta ajiye alƙalami. Adawiyya ta kwashe labarin samarin da na Baffa ta faɗa mata, har da fentin Sallah. Malamar ba ta yi dariya ba, ko da yake bakinta ya so.

“Ina shaida?”

“A can nake kwana, Madam.”

“Na yarda da ke. Amma ba zan tsaya gaban malamai ranar sutenans in ce ɗalibata a can take kwana ba. Awo nake so, gida da gida, shekara da shekara. In kina da shi, sake koya wa manhajar. In ba ki da shi, wannan ita ce taswirarki.”

Sutenans ita ce ranar da ɗalibi ke tsayawa ya kare aikinsa, kuma ba a kai gare ta sai an miƙa kundin. Ranar miƙawa Juma'ar makon gobe ce, ƙarfe sha biyun rana. An riga an ƙara wa Adawiyya wa'adi sau ɗaya, ba a ƙara na biyu. A shafin farko na kundin kuma akwai inda ɗalibi ke sa hannu cewa abin da ke ciki gaskiya ne iyakar saninsa.

“Madam, daga nan ina taswirar za ta?”

“Ƙungiyar za ta miƙa wa masu tsara gari.”

“Me suke yi da wurin da ya yi ja?”

“Wani wurin su haƙa magudanar ruwa. Wani wurin su ce tun farko bai kamata a zauna ba.” Malamar ta kawar da kai. “Ba mu ke yanke wannan ba.”

“Kore fa?”

“Kore ba shi da matsala. Me za a yi masa?”

“In na cire Zongo gaba ɗaya?”

“Rami a tsakiyar taswira? Shi za su fara tambayarki.”

A bayan zemijan, babur ɗin haya, mai tuƙin na kutsawa tsakanin manyan motocin da ke hawa arewa, Adawiyya ta juya maganar ta kowace fuska ba ta sami ƙofa ba. In ta miƙa kore, ta ci jarrabawa da ƙarya, Zongo kuma ya ci gaba da iyo har abada da shaidar hannunta cewa a tudu yake. In ta miƙa ja, ta yiwu a yi musu magudana, ta yiwu kuma ta zama ita ce ta nuna gidan kakarta da yatsa. In ba ta miƙa komai ba, shekara uku sun bi ruwa. Tsoro take ji, tsoro sosai, da wani haushi da ba ta san kan wa za ta sauke ba.

Ta tarar da Kaka Rabiatou tana tsaye a tsakar gida tana kallon hadari. Ita ta riƙe Adawiyya tun tana shekara shida, bayan rasuwar mahaifinta, kuma har yau ɗaki ɗaya suke kwana. Shekara arba'in ta yi tana sayar da atamfa a kasuwar Assigamé kafin gwiwa ta zaunar da ita, amma bakin nan bai zauna ba.

“Ƙawata, ajiye akwatin shaiɗanun nan ki zo mu ja kabad. Bana ruwan da wuri zai zo.”

Aikin kowace shekara ne. A ja kabad ɗin daga bango, a ƙara masa bulo, a kwashe kwalla da samiru daga ƙasa a jera su sama. Adawiyya ta sa kafaɗa ta tura, kabad ya yi ƙara ya matsa, sai bangon bayansa ya bayyana, wanda fenti bai taɓa gani ba. Layukan suna nan yadda ta san su tun tana yarinya, gajeru, baƙaƙe, wani bisa wani. Duk shekarar da ruwa ya shiga ɗakin, in ya janye, Kaka kan ɗauki gawayi ta ja layi daidai inda ya tsaya, don ta san iya inda za ta ɗaga kayanta baɗi. Sau nawa Adawiyya da kanta ta riƙe mata fitila tana ja? Ba ta taɓa kallonsu a matsayin komai ba sai yau.

Ta durƙusa ta ƙirga. Sha shida.

“Kaka, wannan na yaushe ne?”

“Shekarar da gadar can ta karye. Na samansa shekarar da na je Makka, maƙwabciyarmu Adjara ce ta ja min shi, shi ya sa ya karkace. Wancan na ƙasa shekarar da kika ci bak ɗinki.” Bak ita ce jarrabawar gama sakandare. “Me ya faru kike kallonsu kamar kin ga kuɗi?”

“Inna Adjara ma tana da irinsu?”

“Wace mace ce ba ta da su? Maza ne ke shafa wa titi fenti. Mu da ke da kwanuka dole mu san gaskiya.”

Adawiyya ta sake duban bangon. Awon da Madam ke nema ga shi nan, gida da gida, shekara da shekara, a ɗakunan da samarin nan ba za su taɓa shiga ba ko da sun shekara suna cewa agoo. Ta zauna a bakin gado ta yi wa Kaka bayani, ba ta ɓoye komai ba, har da abin da ja ke iya jawowa. Tsohuwar ta saurara tana goge murfin kwalla da gefen zanenta. Da ta gama sai ta ce:

“Kin san ba a nan aka haifi ubanki ba?”

Ta sani. Kowa ya san tsohon Zongo a tsakiyar gari yake, kusa da kasuwa, kafin a tashe shi a shekarar saba'in da bakwai a kawo mutane nan bayan gari. Amma Kaka ba ta cika ba da labarin ba.

“Mai takarda ne ya fara zuwa. Yaro mai fara'a, har ruwa na ba shi ya sha. Ya tambayi ɗaki nawa, mutum nawa, na faɗa masa duka, ina ta washe baki ina cewa ko asibiti za a gina mana. Bayansa mai fenti ya zo ya sa wa gidaje alama. Ranar da motocin rusau suka iso tuwo ne a kan wuta. Ubanki na riƙe da zanena, Mahamadou na bayana. Kwalla goma sha biyu uwata ta yi min na aure, uku na iya ɗauka.” Ta nuna su da haɓa, suna saman kabad, fentinsu ya ɓaɓɓare. “Tukunyar nan a kan murhu na bar ta. Har yau wani lokacin sai in ji kamar tana ƙonewa.”

“Kaka, yanzu ba kamar da ba ne. Wataƙila magudana za su...”

“Shi ma wancan wataƙila asibiti ne.” Ta rufe kwallar. “Ki bar min bangona.”

Baffa Mahamadou ya ji ƙarshen maganar daga ƙofa, ya shigo da faɗa. Shi da ya tare masu riguna ruwan lemo a waje, ashe mai takardar a cikin gida take kwana, tana cin tuwonsa? Ya ce in ta kuskura ta ɗauki hoton ko da ƙusa ce a gidan nan, ta nemi wani uban. Ya faɗi abin da ya fi haka ma, da Hausa da Faransanci da ɗan yaren Mina, sannan ya fita masallaci.

Kwana huɗu Adawiyya na kwana da tashi da layukan nan a gefen kanta. Ranar Alhamis Kaka ta tafi gaisuwar rasuwa a Hédzranawoé, gidan ya zama ba kowa. Adawiyya ta ɗauko waya, ta durƙusa gaban bangon, ta daidaita shi a fuskar wayar har layukan suka fito rangaɗau. Dannawa ɗaya ce ta rage. Sai ta tuna yaron nan mai fara'a da aka ba ruwa ya sha. Ta mayar da wayar aljihu, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, kuma kukan bai warware komai ba.

Ruwan ya sauko ranar Asabar da hantsi, bai ɗauke ba sai Lahadi da la'asar. Kafin nan ya riga ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, a hankali, ba hayaniya, yadda ya saba. Ya haɗiye bulon farko, ya haɗiye na biyu. Aka ɗauke wuta. Baffa da matarsa suka kwashe yara zuwa benen wani maƙwabci, amma Kaka ta ce ita ba inda za ta, ba yau ta fara ganin ruwa ba. Suka ɗare kan gado su biyu, da buhun gari, da buta, da kwamfutar a naɗe cikin leda uku.

Wuni guda suka yi a haka, kowa da tunaninsa. Takalmin wanka na zagaya ɗakin shi kaɗai. Daga katanga ana jiyo Inna Adjara mai koko tana salati, ruwa ya kai ga buhunan geronta. Adawiyya ta miƙe ƙafa ta taɓa bango, ta lanƙwashe ta taɓa Kaka, iyakar duniyarta ke nan. Saura kwana biyar Juma'a.

Litinin da rana, suna jiƙa gari da sukari, Kaka ta yi magana ba tare da ta dube ta ba.

“In kin kai musu koren, shi ke nan sun ba ki takardarki?”

“Shi ke nan.”

“To ki kai mana. Me kike jira?”

“Akwai inda zan sa hannu, Kaka. In ce gaskiya ne iyakar sanina.”

“Rantsuwa ce?”

“Kusan haka.”

“Da wane suna?”

“Nawa. Adawiyya Usaini.”

Cokalin Kaka ya tsaya a cikin kwano. Usaini shi ne ɗanta na fari, wanda ba ta taɓa kiran sunansa da bakinta ba, yana raye ko bayan ransa. Ta daɗe tana kallon ruwan da ke lasar bulo na uku.

“Kuma ajiye takardar suke yi?”

“A ɗakin karatu. Duk mai so ya ɗauka ya duba.”

Kaka ta ci garinta ta kwanta ta juya wa Adawiyya baya.

Talata da safe ruwan ya janye ya bar laka da wari. Kafin a taɓa tsintsiya Kaka ta sauko, ta lalubo gawayi a cikin gwangwanin da take ɓoyonsa, ta dafa bango ta ja layi na sha bakwai. Yana sama da duk sauran da taƙi guda. Ta tsaya tana dubansa, sannan ta buɗe kabad ta ciro tef ɗin awon atamfarta, wanda lambobinsa suka kusa gogewa, ta jefa wa Adawiyya a cinya.

“Tashi ki auna.”

“Kaka, Baffa ya ce...”

“Ni na haifi Baffan. Ƙaryar Mahamadou ta ƙofar gida ce, iska ta kwashe ta. Taki a takarda za ta zauna, da sunan mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa.” Ta yafa mayafi. “Yi sauri, gidaje da yawa.”

Kwana biyu da rabi suka yi suna yawo cikin laka, tsohuwa a gaba da sandarta, Adawiyya a baya da tef da waya. Kaka ba ta roƙo. Ta yi sallama, ta wuce mai gida kamar turken akuya, ta shiga ɗakin matar ta ce, “Jikata na neman takardarta. A ja mata kabad.” Adawiyya kuwa ta nace sai ta yi wa kowace mace bayani, cewa ana iya yi musu magudana, ana iya kuma... A nan Inna Adjara ta katse ta.

“Mun sani, 'yar nan. Ina da shekara tara lokacin. Auna abinki.”

Ba kowa ya yarda ba. Gida tara aka hana su, wata ma ta rufe ƙofa ta bar Kaka tsaye. Amma arba'in da ɗaya suka ja kabad. Wasu da gawayi suke yi, wasu da alli, wata amarya da jan farce. Shekarun kuwa sai da aka yi ta gardama, wannan ta ce shekarar auren wance ne, waccan ta ce a'a, shekarar da aka yi sunan ɗanta, har a dace. Adawiyya na ta rubutawa. Wani farin ciki ya kama ta wanda ta manta rabonta da shi. A ranta ta ce Kaka ta gane, matan nan sun gane, sun yarda zamani ya canza. Har ta fara hango magudanar siminti ta bi ta ƙofar gidansu.

Alhamis da azahar ta isa ɗakin kwamfutocin jami'a, ta zuba sabbin bayanan, ta sa manhajar ta sake koyo daga farko. Juma'a da safe ta dawo ta tarar ta gama. Kashi tamanin da ɗaya. Zongo ya yi jawur tun daga bakin titi har gangaren rafi. Ta matso da hoton, ta matso, har ta ga rufin kwanonsu, ɗan ƙaramin murabba'i mai tsatsa a gefe ɗaya, da jan launi a kansa.

“Sakamakon ya ragu,” in ji Dakta Afiwa, “aikin kuma ya ƙaru.” Wannan karon ba ta sa hannu a takardar kowa yayin da take magana.

Sha biyu saura kwata Adawiyya ta rubuta sunanta da na mahaifinta a shafin farko, ta miƙa.

Bayan mako uku aka yi sutenans. Baffa Mahamadou, wanda tun ranar bai amsa gaisuwarta ba, sai ga shi a kujerar baya cikin babbar riga, yana harare-harare. Kaka ta ce gwiwa ba za ta bar ta ta hau bene ba. Adawiyya ta nuna hoton bangon, layuka sha bakwai. Wani farfesa mai furfura ya ce bai taɓa ganin hanyar tattara bayanai irin wannan ba, ya kamata a buga ta a mujalla. Aka ba ta sha bakwai bisa ashirin. Baffa ya share ido da hannun riga ya yi kamar gumi ne.

A bakin ƙofa wani mutum daga ƙungiyar ya tare ta, mai fara'a, ya yi mata murna, ya nemi ta turo masa taswirar yau-yau. Ta tambaye shi me za a yi da Zongo.

“Kwamiti zai zauna,” ya ce. “Za a duba.”

Ta sauka daga zemijan a bakin layinsu da la'asar, rana ta fito bayan kwanaki, tana riƙe da gefen doguwar rigarta kada ta taɓa laka. Ta ƙofar Inna Adjara ta hango kwanuka a baje a tsakar gida. Gidan gaba ma haka, da na amaryar nan mai jan farce. Ta ɗauka shanya ake yi tunda an ga rana. Ta ƙara sauri, tana shirya yadda za ta faɗa wa Kaka maganar farfesan.

Ta yi sallama ta ɗaga labule, sai ta tsaya.

Kabad ɗin a buɗe yake, ba komai a ciki. Ƙulli huɗu na jingine da bango, kowanne an ɗaure shi tamau da tsohuwar atamfa. Hoton Makka ya sauko daga ƙusarsa. Kaka na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta shimfiɗa zane a gabanta, tana jera kwallan nan uku ɗaya cikin ɗaya, tana sa tsumma a tsakaninsu kada su gogi juna.

“Kaka, me ke nan? Wani ya zo ne?”

“Ba wanda ya zo.”

“To ai ba a yanke komai ba! Kwamiti ne zai zauna. Wataƙila magudana...”

“Wataƙila,” in ji Kaka, a hankali, irin yadda ake amsa wa yaro. “Ni dai wannan karon ba za a same ni da tukunya a kan wuta ba.”

A nan Adawiyya ta gane. Kaka ba ta taɓa yarda da maganar magudana ba, ko na minti ɗaya. Ita da Inna Adjara da sauran matan, ranar da suka ja mata kabad, a ransu gidajen suka ba ta. Ta durƙusa a kan simintin da bai gama bushewa ba, da sabuwar rigar da komai.

Kaka ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa.

“Kin ci?”

“Na ci, Kaka.”

“Da sunan nasa a kai?”

“Da shi.”

“Alhamdulillahi.” Ta tattaro bakin zanen biyu ta haɗa a saman kwallan, ta ja, yatsunta suka kasa riƙewa. “To matso, ƙawata. Danna min nan in ƙulla.”

Adawiyya ta matso ta ɗora yatsanta a kan ƙullin.